Abin da Goggo Ke Zubawa a Kwanon Auta

A shekarar da aka rufe makarantu saboda korona ina aji biyar na sakandare, ba ni da wani aiki sai karatu a zauren gidanmu da ke Gaya. Ni mutum ne da magana ke yi wa wuya. Idan baƙo ya yi sallama nakan ji kamar in shige bango. Abin da bakina ya kasa faɗa biro ke faɗa, don haka kullum da littafin rubutu a aljihun rigata. Har ranar da aka yi ruwan shuka da ranar da akuyarmu ta haihu nakan rubuta.

Ƙanwata, wadda duk gida ke kira Auta, shekararta goma sha biyu a lokacin. Tun tana ƙarama take fama da asma, ga borin jini da ke taso mata a wuya da hannuwa in ta ci busasshen kifi. A farkon damina zazzaɓi ya kama ta, tari ya biyo baya, daga nan numfashi ya fara gagararta. Daga asibitin garinmu aka tura ta Kano, aka kwantar da ita aka sa mata robar iska a hanci. Umma ta tare a gidan wata 'yar'uwarta a can don ta riƙa zuwa duba ta.

Ranar da aka sallamo su Baba ya tara mu a tsakar gida ya ce, "Duk wanda ya tambaya, limoniya ce. Kun ji ko?"

Muka ce mun ji. Ya ninke takardar asibitin gida huɗu ya kai ƙasan akwatinsa, amma na riga na karanta ta a lokacin da yake sallamar direba. Korona aka rubuta. Baba bai gama yarda akwai cutar ba, yana cewa in ka je asibiti da mura ma ita za su rubuta maka. Duk da haka yana tsoron mutane su ji su ƙaurace wa gidan da shagonsa na sayar da iri da takin zamani.

Wadda ta riƙe mana gida a kwanakin da Umma ba ta nan ita ce Goggo. Ba 'yar'uwar Baba ba ce ta jini, matar yayansa ce marigayi, Bafulatana daga Gafasa, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Tun rasuwar mijinta take zaune a gidan ƙaninta a can. Da ta zo ta gyara ɗakin da muke ajiye buhuna ta shimfiɗa tabarmarta, Baba ya ce ta zauna ke nan, gidan ƙanin miji ai gidanta ne. Na ga yadda ta ji daɗin maganar, domin washegari ta aika aka kawo mata akwatinta da ƙorenta. Ita ma limoniya aka gaya mata.

Auta ta dawo, amma ba Autar da muka sani ba. Yarinyar da a da sai an yi mata tsawa take sauka daga katanga, yanzu in ta ɗebo ruwa guga ɗaya sai ta zauna a bakin rijiya tana haki. Takan yi barci bayan hantsi kamar tsohuwa. Likita dai ya ce ta warke, don haka da farko ni kaina na ɗauka sangarta ce, ta ɗanɗana zaman gado ana lallaɓa ta, ba ta so a koma aikenta. Na fara lura da ita ta gefen ido ko zan kama ta tana guje-guje in ta ɗauka ba mai ganinta. Ban taɓa kama ta ba.

Sai maganar abinci ta shigo. Umma na ɗinki, saboda haka girkin ya zama na wanda ya samu sarari, yau ita gobe Goggo. Wata rana da la'asar sakaliya aka miƙa wa Auta kwanonta na tuwon dawa da miyar kuka. Tana buɗe murfin ta ture shi, ta toshe hanci da mayafi.

"Wari yake," ta ce. "Kamar mushe."

Goggo ce ta yi girkin, tana zaune a kan kujerarta 'yar tsuguno. Ta ci gaba da cin tuwonta. Umma ta daka wa Auta tsawa, ta ce yaushe ta koyi raina abincin manya. Auta ta fashe da kuka tana rantsuwa. Mu kuwa muka cinye namu, ba abin da muka ji sai daɗi.

A gidajenmu ƙin cin abincin mutum ba ƙaramar magana ba ce. Ko ka ƙoshi kakan sa hannu ka yi loma biyu, domin ture kwano na nufin ba ka amince da hannun da ya dafa ba. Da abin ya faru sau uku, na ɗauko sabon littafi na ja layuka da rula. Na yi gida huɗu: rana, abin da aka dafa, wadda ta dafa, da abin da Auta ta yi. Na ji daɗin kaina sosai a ranar, ina ganin abin da ake koya mana a darasin kimiyya ne nake aikatawa.

Auta ta leƙo ta gani ta ce, "Yaya, ni ce ka mayar jarrabawa?"

Na ce, "Ke dai ci abincinki."

"Malam mai biro. In na mutu ma sai ka rubuta ƙarfe nawa ne."

Mako uku na yi ina cika layukan. Da na zauna na duba sai na ga abu ɗaya ne ke maimaituwa. Tuwo iri ɗaya, miya iri ɗaya, in Umma ta dafa Auta takan ci ko da kaɗan ne. In Goggo ta dafa, wari. Babu ranar da ta saɓa. Na so in ce ƙiyayya ce irin ta yara, amma Auta na son Goggo, ita ke yi mata kitso, a ɗakinta take kwanciyar rana.

Daga nan na koma karatuna daga zaure zuwa inuwar darbejiyar tsakar gida, inda nake hango madafi ta saman littafi. A rana ta biyu na ga abin da nake nema. Goggo ta gama rabon tuwo ta jera kwanuka, sai ta ɗauki na Auta shi kaɗai ta shiga ɗakinta. Labulen bai rufe duka ba. Na ga ta janyo wani ɗan gwangwani daga bayan akwati, ta juya baya, ta ɗiba ta zuba, ta juya miyar da cokali, ta rufe. Ta fito ta ajiye kwanon cikin sauran kamar ba a yi komai ba. Ta ɗago muka haɗa ido, ta ce, "Ɗan boko, yau karatun a rana ake yi?" Na sunkuyar da kai.

Da ina da baki da a nan na ce, Goggo, mene ne a gwangwanin nan? Ban ce ba. Na rubuta a gefen shafi. Na sake gani sau biyu, na sake rubutawa. Tun daga nan komai nata ya canza a idona. In ta shafa kan Auta tana motsa baki sai in ce me take karantawa. In ta tambayi Baba labarin gonar marigayi mijinta da yake nomawa sai in ce to, ga dalili. Har yadda take taunar goro a hankali ya zama mini abin tuhuma.

Umma na samu a bakin keken ɗinkinta, na ajiye mata littafin a kan yadin da take yankawa. Ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana, ba ma doguwar hira. Na nuna mata layukan da yatsa, na gaya mata zancen gwangwani cikin kalmomi kaɗan. Ta daɗe tana kallon shafin.

"Kai, ka tabbata da idonka ka gani?"

"Sau uku."

Da yamma da Auta ta ture kwano Umma ta ɗauke shi ta kai ɗaki, ni ma na bi ta. Ta shinshina ta ce, "Man shanu." Ta sake shinshinawa. "Yarinyar da tun tana rarrafe take lasar man shanu a murfin kwalba, yau shi za ta ce yana wari? Da shi dai ake rufe abin." Ta ba ni kwanon ta ce in haƙa rami a bayan gida in juye, kada kaji su ci.

Babu wanda ya ce wa Goggo uffan, ba a haka. Umma dai ta daina ɗinkin yamma, kullum kafin Goggo ta idar da sallar la'asar ta riga ta ɗora tukunya. In Goggo ta ɗauki tsintsiya sai ta ce, "Bar shi, Goggon yara, ki huta." Aka hana Auta kwanciyar rana a ɗakinta, wai akwai sauro. Baba da ya ji labarin ya ce shi bai yarda ba, amma na lura ya daina shan furar da take dama masa. Wata maƙwabciyarmu da ke kawo ɗinki ta fara gaishe ta daga nesa, a nan na gane maganar ta tsallake katanga.

Kwana tara Goggo ta yi a haka. A na goma da safe ta ce wa Baba ƙaninta ya aiko, ana shirin yankan gero, suna buƙatar mai yi wa 'yan aiki abinci. Baba ya ce to, Allah ya kiyaye hanya. Ni na ɗaura mata akwatin a bayan babur ɗin ɗan acaba. Da za ta hau ta dubi aljihun rigata inda littafin ya leƙo, sannan ta dube ni. Ta ce, "Ka kula da ƙanwarka." Umma ta share ɗakin, ta samu gwangwanin a bayan ƙofa, ta jefa shi masai.

Auta ta ci gaba da cin abinci ba tare da ture kwano ba, na rubuta wannan a matsayin hujja ta ƙarshe. Gajiyar kuwa ba ta tafi ba. Da aka buɗe makarantu sai da Baba ya riƙa ɗaukarta a babur, ga ciwon kai, ga mantuwa a hadda. Umma ta ce abin da aka riga aka ci ba ya fita rana ɗaya, aka karɓo rubutu aka ba ta.

Akwai wata lamba da ta riƙa kiran wayar Baba a kwanakin. Sau biyu ya ɗauka ya ji an ambaci asibitin Kano ya kashe. Ya ce masu neman sunayen mutane ne su cika takardunsu. Wata ranar Asabar da hantsi ya aike ni karɓo wayar daga wurin caji, ina hanyar dawowa ta yi ƙara. Na tsaya a gindin wata bishiyar maina ina kallon lambar. Ban san abin da ya sa na ɗauka ba, ni da ko wayar abokaina ba na son amsawa.

Muryar mace ce, ta ce ita ma'aikaciyar jinya ce, suna bin sawun yaran da aka kwantar su ji yadda suke. Na ce ni yayanta ne. Na yi niyyar in ce lafiyarta ƙalau in kashe, sai ta fara tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, irin yadda nake so a yi tambaya. Shekarunta nawa? Tana da asma kafin ciwon? Borin jini fa, ko yawan atishawa? Tana saurin gajiya? Barcinta ya canza? Kowacce na ce e, har na fara zargin ko wani ya ba ta labarin gidanmu.

Na ce, "Wa ya gaya muku?"

Ta yi 'yar dariya ta ce ba kowa. Ta ce a abin da suke gani, yaran da suka ɗan tasa da kuma masu asma ko borin jini sun fi daɗewa suna jin jiki bayan an sallame su, shi ya sa take tambaya. Sannan ta ce, "Hancinta fa? Tana jin ƙanshi daidai? Wasu ba sa jin komai, wasu kuma abin da suka saba so sai ya koma musu wari. Soyayyen abu, albasa, turare."

Na ce, "Kamar mushe?"

"Haka wasu ke cewa."

Ta ce a dawo da ita a duba ƙirjinta, ta ce yawanci yana raguwa a hankali. Na yi godiya. Na tsaya a wurin har wani mai kura ya ce in ba shi hanya.

Ban yarda da ita nan take ba. Na ce mai yiwuwa gaskiya ta faɗa, kuma mai yiwuwa Goggo ma ta zuba abin da ta zuba, ɗaya ba ya kore ɗaya. Na bari sai ranar kasuwa, na zagaya rumfar masu nono na zaɓi wata tsohuwa da ban taɓa gani ba. Na tambaye ta daga ina take, ta ce daga wajen Kademi. Na tambaye ta ko tana da dangi a Gafasa, ta ce, "Mai za ka saya ko aure ka zo nema?" Na sayi curi ɗaya na man shanu.

Ban taɓa hura wuta a madafin gidanmu ba sai ranar. Umma ta fito ta tsaya riƙe da almakashi tana kallona ina fama da itace. Na yanka albasa kamar yadda na ga mata na yi, na narkar da man na zuba. Ƙanshi ya cika gidan. Auta na ɗaki tana kwance, ba ta san abin da ake yi ba. Ba a jima ba ta fito a guje da mayafi a hanci, ta durƙusa a bakin kwata tana kakarin amai.

"Goggo ta dawo ne?" ta ce. "Warin nan ne."

Na sauke kaskon. Na gaya wa Umma inda na sayo man, da abin da matar asibiti ta faɗa. Ta zauna a kan turmi, almakashin na cinyarta. Can ta ce, kamar da kanta take magana, "Mai jego da mai jinya ake ba wa man shanu su yi ƙarfi. Ɗan kaɗan gare ta, ba zai ishi gida ba." Shi ya sa Goggo ke shiga ɗaki, kada mu sauran mu gani mu sa rai.

Na buɗe littafina na dubi gidajen nan huɗu da na ja da rula. Na yi gidan wadda ta dafa, ban yi gidan abin da aka zuba ba.

Baba ya yi faɗan na amsa masa waya, ya fi minti goma yana yi. Da ya gama na ce zan je Gafasa, kuma zan faɗi sunan ciwon, don in ban faɗa ba maganar ba za ta fito ba. Ban taɓa yi masa magana mai tsawon haka ba. Ya dube ni ya dubi Umma, ya ciro kuɗin babur ya ajiye a kan tabarma, shi da Umma suka ce in gaya wa Goggo ta dawo.

Na tarar da Goggo a masussuka ita da wasu mata suna sheƙar gero. Ta ja ni gefe ƙarƙashin wata tsamiya, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tambayi kowa da kowa. Sannan na fara, ina kallon ƙasa. Na gaya mata korona ce ba limoniya ba. Na gaya mata zancen hanci, da tsohuwar Kademi, da kaskon. Na ce ni ne na gan ta da gwangwani, ni ne na kai magana.

"Na sani," ta ce. "Wanda ke karatu ai yana juya shafi. Kai kwana uku shafi ɗaya kake kallo."

Na ce ta yafe mini, Umma da Baba sun ce ta dawo, ɗakinta na nan.

Ta karkaɗe ƙaiƙayi daga zanenta. "Su suka aiko ka, ko dai wani gwajin ne kake yi a kaina?"

Na rantse. Ta daɗe tana duban fuskata, irin duban da na yi wata guda ina yi mata.

"Kun ɓoye mini ciwon yarinya ina kwana da ita ɗaki ɗaya," ta ce. "Sannan ni ce mai ɓoye abu." Can ta ce, "Har yanzu tana haki?"

Na ce ya ragu, za a mayar da ita a duba ta.

"To a mayar. Ɗakin kuma ku zuba buhunanku, kaka ta yi. In hancinta ya dawo ka kawo mini ita."

Sai da wata damina ta zagayo. Wata rana maƙwabta na suyar man shanu, Auta ta ɗaga kai daga littafinta ta ce, "Wa ke soya abin daɗi haka?" A ƙarshen makon na ɗauke ta muka tafi Gafasa. Goggo ta tuƙa tuwo ta kaɗa kuka, ta ɗauko kwalbar man ta ajiye a tsakiyar tabarma a gabanmu, ta miƙo mini cokali.

"Ɗan boko, zuba mata da hannunka."

Na zuba. Auta ta cinye ta nemi ƙari, Goggo na bin kowace loma da ido har kwanon ya ƙare. Tun daga nan Goggo takan zo gidanmu da salla ko suna, ta wuni ta koma kafin magariba. In Umma ta ce ta ɗan duba mata tukunya sai ta ce hayaƙi na damun idonta. Ba ta sake dafa komai a madafinmu ba.